HABBANAYEN KAMFANI

Shafi na 19

Masu turo mini saƙo wai na cika son Abdulmajid, na mai da shi waliyyi, to ku gyara zama. Ni kaina ban ji daɗin rubuta shafin nan ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa: Abdulmajid ɗan majalisa ne daga yankin Dogon Dutsi, ɗan makiyaya, rugarsu na gefen Matankari. Shi ya kai ƙudurin dokar da za ta hana kamfanoni zuba kuɗi ko kaya a yaƙin neman zaɓe. Abokan hamayya suka ce shi ma da dukiyar wani ya hau. Ransa ya ɓaci, ya shiga rediyo ya ce yau Juma'a bayan la'asar, a filin taro na Dutsi, zai dafa Alƙur'ani ya rantse cewa bijiman gidansu kaɗai aka sayar aka yi masa kamfen. Sauran 'yan majalisar yankin sun ce in ya rantse, za su mara wa dokar baya. In ya kasa, dokar ta mutu, sunansa ya bi ta.

* * *

Tun kafin rana ta yi zafi motar Abdulmajid ta bar kwalta ta faɗa yashi. Bai ɗauki direba ba, bai ɗauki mai tsaro ba. Yayansa Saminu ne ya kira shi, shi kuwa Saminu in ya taɓa waya, gaisuwa ce da tambayar tsadar dusa. Yau ko gaisuwar babu.

"Ka taho rugga. Kai ɗai."

Shanu ya fara gani.

Abin ya ba shi mamaki. Duk zuwan da yake yi gida, ƙananan dabbobi yake tararwa. Manyan shanun kullum sai a ce masa suna arewa wajen kiwo, ko sun tafi rijiya. Yau ga su tsaye a gaban bukkoki, an wanke su fes, an shafa wa ƙahoninsu man shanu suna ta ƙyalli.

Sannan ya ga farar mota a gindin gawo. A ƙofarta akwai tambarin da ya fi tsana a duniya, tauraro a cikin zobe. Tambarin kamfanin Albarkar Dallol ke nan, wanda ya kewaye fadama da waya ya toshe wa makiyaya burtali.

Kuma ga wakilin kamfanin, Alhaji Munkaila, a zaune bisa buzun marigayi mahaifinsu, da ƙwaryar nono a hannu.

Shi Munkaila mutum ne mai sanyin baki, irin wanda zai yanke ka yana tambayar lafiyar iyali.

"Onorabul! Marhaba, marhaba. Ka ga mun riga ka gidanku."

Abdulmajid ko kallonsa bai yi ba.

"Hamma, mi wanga mutum shika yi bisa buzun Baffa?"

Saminu na tsaye da sanda a kafaɗa, idonsa a ƙasa.

"Ka gaishe shi tukuna."

"Ba ni gaishe shi."

"Abdu."

"Na ce ba ni gaishe shi! Ka san ko wane na? Shi na yas sa anka ɗaure yaran ƙauyen Kiyeshe don shanunsu sun taɓa waya!"

"Na sani."

"To?"

Saminu ya ɗago kai a hankali.

"Mai habbanayenmu na."

Ku 'yan birni da ba ku san nono ba sai a roba, bari in yi muku bayani. Idan makiyayi ya rasa dukiyarsa, wani yakan ɗaura masa karsana. Ya kiwata, ya sha nononta, ta haihu sau uku, 'ya'yan duk nasa ne halak malak, sannan ya mayar da uwar ga mai ita. Shi ne habbanaye. Wanda ya yi maka shi ya wuce aboki. Ba a ɗaga masa murya, ba a yi masa musu, kuma ranar da ya ce a kawo saniyarsa, ba ta kwana a garkenka.

Abdulmajid ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Habbanaye? Mu? Gidan Baffa Isma'ila da ka ba mutane shanu, shi za a ɗaura ma saniya?"

"Shekarar da ruwa yaƙ ƙi, kana Yamai kana karatun lauya."

"Na tuna. Kun ce mani kaɗan sunka mutu."

"Mi kaka so mu ce maka?"

"Gaskiya!"

"Gaskiyar ita ta, ko guda ba ta tsira ba." Muryar Saminu ta sauka. "Baffa shi kan tashi da asuba shi tahi garke, shi zauna da igiyoyi ga hannu. Ba komi ciki sai turaku. Ni ka zuwa in ɗauko shi. Ya ce duk wanda yag gaya maka bai yahe mai ba, don ya san kana ji za ka aje lakkwal, ka bar karatu, ka dawo."

Abdulmajid ya dubi Munkaila.

"Sai wanga yaz zo?"

"Lokacin hatsi shika saidawa. Ya ga Baffa, ya koma, ya dawo da karsanoni. Bai nemi komi ba."

"Hamma." Abdulmajid ya matso. "Bijiman da kas saida lokacin kamfanye..."

"Ɗiyansu na."

"Duka?"

"Duka."

 Munkaila ya kurɓi nono, ya share baki da bakin rawaninsa, ya dubi bukkar mahaifiyarsu, ya ce, "Inna Ajuma, har yau babu mai damu irin naki."

Abdulmajid ya taka zuwa wajen shanun kamar wanda ake ja. Akwai wata jar saniya a gaba, tsohuwa, mai dogon ƙaho. Ya dafa cinyarta ta hagu inda ya ga gashi ya kwanta daban. Ya share gashin da tafin hannu.

Tauraro a cikin zobe. An ƙona shi da ƙarfe tun tana ƙarama, ya girma tare da ita.

Ya duba ta biyu. Ya duba ta uku. Daga nan bai sake dubawa ba.

"Shi ya sa kullum suna arewa," ya ce, ba tare da ya juyo ba.

"Lokacin babu wanda yas san wagga shaida," in ji Saminu. "Sosiyeten, kamfanin nan nasu, ba ta zo ƙasarmu ba tukuna. Ranar da nih hwara ganin ta ga ƙohwar kamyo, babbar motarsu ta kaya, ban iya cin abinci ba."

"Amma ba ka gaya mani ba."

"Kunya."

"Ka bar ni na shiga radiyo! Ka bar ni na ce ma duniya za ni dahwa Alƙur'ani!"

"Na ji ka. Ina kiwo da radiyon ga wuyana. Sai da niz zauna ƙasa."

Munkaila ya ajiye ƙwarya, ya gyara zama.

"To, ku bari haka nan, 'yan'uwa ba su hwaɗa gaban baƙo. Onorabul, zo ka zauna mu yi magana ta manya."

"Hwaɗi daga nan."

"Kai lauya na, amma ba ka san kasuwa ba. Marasa wayo su ka kai buhun kuɗɗi ranar kamfanye kowa na kallo. Mu ba mu haka. Shekarar yunwa muka bin ruggage da ƙauyuka. Duk gidan da munka ji suna da yaro lakkwal mai ƙwaƙwalwa da baki, sai mu ɗaura musu saniya, ko mu gina musu rijiya. Wani yaron shi lalace, mu yi asara. Wani shi zama babba ga buro, ohishin gwamnati. Kai ka zama depite, ɗan majalisa."

Ya yi murmushi.

"Na karanta lwar taka, dokar da kak kai majalisa. Ka hana kuɗɗi, ka hana shinkahwa, ka hana turamen atamhwa. Har dabbobi kas sa ciki, da hannunka. Wallahi na yi dariya har nis shaƙe."

Abdulmajid ya juya ga yayansa da sauri.

"Ka ji da kunnenka? Hamma, ka ji? Ba don Allah yay yi ba! Wanga ba habbanaye ba na, tarko na!"

Fuskar Saminu ta canza. Jijiyar wuyansa ta tashi, hannunsa ya damƙe sandar har yatsun suka yi fari. Na so ya ɗaga ta, wallahi na so. Bai ɗaga ba.

"Na ji," ya ce. "Niyyarshi tashi ta, shi da Allah. Nonon da munka sha kuwa, mun sha."

"Ka gani?" in ji Munkaila. "Ɗan asali ke nan. To ga abin da yak kawo ni. Wa'adin shanun ga ya cika, kowace ta yi haihuwarta ta uku. Amma ni ba ni son raba tsohuwa da nono. Ina iya bar muku su, har abada."

"In na yi mi?"

"Ba ka yin komi. Shi na daɗin abin. Yau zazzaɓi shi kama ka, depite ma mutum na. Ka kwanta nan bukkar Inna, a dama maka kunu. Takardar can ta Yamai ka bar ta ta yi barcinta cikin dirowa. Shi ke nan."

"In na ƙiya?"

"To ina son shanuna yau. A kai mani su ƙohwar magazen ɗinmu, Dutsi."

Kowa a garin ya san inda ma'ajiyar kamfanin take. Tana kallon filin taro, kwalta ce kawai tsakaninsu.

Abdulmajid ya daɗe yana kallon mutumin. Ya tuna matan da ya gani suna ɗebo ruwa ta ƙarƙashin waya. Ya tuna 'yan kabu-kabun da suka yi ta yawo da shi ƙauye-ƙauye da man baburansu, suna yi wa mutane bayanin dokar.

"Tashi bisa buzun ubana."

"Amsarka ke nan?"

"Tashi."

Munkaila ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya sa takalmi ba gaggawa.

"Saminu, yau ke nan. Kahin rana ta hwaɗi."

"In Allah ya so, Alhaji."

Inna Ajuma, mahaifiyarsu, ta leƙo daga bukka. 

"Alhaji, maruƙan wasu ba su gama sha ba."

"Sa koya cin ciyawa, Inna. Sai an jima."

Motar na ɓacewa Abdulmajid ya riƙo hannun yayansa.

"Ka bari sai gobe."

"Ya ce yau."

"To in saye su. Ko nawa shika so, in nema."

Saminu ya fizge hannunsa kamar an ɗana masa wuta.

"Saniyar habbanaye za ka sa ma kuɗɗi? Yamai ta ɓata ka, Abdu."

"To ka tura yara su bi da su ta bayan gari, su shiga ta ƙohwar baya."

"Sata munka yi?"

"Hamma, don Allah."

"Ni za ni kai su, da ƙahwata, ta gudiro, kwaltar tsakar gari, rana tsaka. Haka kakanninmu ka yi. Kuma in na kai ƙohwa sai na yi godiya gaban shaidu."

A zuriyarsu haka ake yi. Mai mayar da habbanaye yakan tsaya a ƙofar mai saniya, ya ɗaga murya, ya lissafa duk alherin da ta yi wa gidansa. Abdulmajid ya sha gani yana yaro, har yakan yi wa Baffa rakiya. 

"Mi za ka ce cikin godiyar?"

"Abin da sunka yi muna."

"Har da kamfanye?"

Saminu ya sunkuya ya ɗauki igiya.

"Hamma, har da kamfanye?"

"Wanda yar rage alherin habbanaye, ɓarawo na. In na rage, gobe in wani bala'i yaz zo, babu Bahillacen da za shi sake ɗaura ma ɗiyana ko akuya. Ko ɗiyanka."

"Ke nan ka zaɓi wanga mutum bisa kaina."

Nan Saminu ya fashe. Mutumin da bai taɓa yi masa tsawa ba tun suna yara.

"Ban zaɓe shi ba! Kana tsammani ban san shi ba? Bara wayarshi tat tsage ma saniyata hantsa, ni nid ɗinke da hannuna! Amma ranar da Baffa ka kuka cikin garke awa yaro, kai kana ina da lwarka? Wa yaz zo? Gwamnati ta zo? Jam'iyyarka ta zo? Shi yaz zo! Mugu na, amma shi yaz zo!"

Ya juya baya. Can ya ce, a hankali, "Kar ka rantse, Abdu. Ka tsaya gabansu ka hwaɗa musu da bakinka kahin in iso."

"In na hwaɗi haka, lwar ta mutu. Burtalin ya tahi ke nan."

"To ni ban san wannan ba."

Abdulmajid ya nufi mota. Inna Ajuma ta tare shi a hanya, 'yar ƙaramar tsohuwa, kanta bai kai ƙirjinsa ba. Ta kama hannunsa na dama da nata biyu, ta juya shi ta kalli tafin.

"Ni ban san lwa ba, ban san Yamai ba. Wanga hannu na sani, ni nih haihe shi. Kak ka ɗora shi bisa Littahi."

"Inna, ba ƙarya za ni yi ba."

"Na dai gaya maka."

Ya zare hannunsa a hankali ya shiga mota. Ta madubi ya hango Saminu ya fito da malafar Baffa a kansa, yana ɗaura wa jar saniyar igiya. Maruƙan da aka ware a turke suka fara kuka.

* * *

Kun manta lauya ne?

Kafin ya hau kwalta ya riga ya gama shari'ar a kansa, ya wanke kansa tas. 'Ya'yan habbanaye na mai kiwo ne, kowane malami ka tambaya haka zai ce. Bijiman da aka sayar a garkensu aka haife su, da ciyawarsu suka girma. Bijiman gidansu ne. Ina ƙaryar?

Abin da ya rage shi ne ya riga shanu. Saniya ba ta sauri da rana, ga tsofaffi a cikinsu, ga nisa. In ya rantse da wuri aka watse, Saminu zai iso ya yi godiyarsa ga 'yan dako da masu tallan ruwa. 'Yan majalisa sun riga sun ba da kalmarsu a gaban rediyo, ba su da damar janyewa.

Haka ya yi ta gaya wa kansa har aka sauko daga Juma'a. Sai dai abinci ya ƙi shiga, kuma alwala sai da ya sake ta.

Filin taro ya cika tun kafin la'asar. Ranar kasuwa ce, mutanen ƙauye ba su koma ba. 'Yan kabu-kabu sun jera babura, mata sun cika rumfa ɗaya, makiyaya sun tsaya can gefe da sandunansu. A layin gaba ga 'yan majalisa da manyan riguna, wasu na masa fatan alheri, wasu na jiran ya zame.

A ƙetaren kwalta, a ƙofar ma'ajiyar kamfani, Alhaji Munkaila ya sa an fito masa da kujerar roba, ana dafa masa shayi.

Malam Huzaifa ne ya tarbe shi a gindin mumbari. Matashi ne mai shagon kayan waya a bakin tasha, shi ya jagoranci samarin gari a kan dokar nan. Sau da yawa ya rufe shagonsa ya bi Abdulmajid ƙauyuka, har mahaifinsa ya daina yi masa magana. Yana rungume da Alƙur'ani cikin farin ƙyalle.

"Onorabul, ka ga jama'a? Wallahi yau sai sun ji kunya." Fuskarsa cike da murna. "Mu ga fahimtarmu da Allah aka rantsuwa, ba sai an dahwa komi ba. Amma tunda sun ce sai sun gani da ido, su gani. Mai gaskiya ba shi tsoro."

"Huzaifa, a taƙaita. Ba jawabai. Ana sallamewa mu yi abin da yak kawo mu."

"Lahiya? Ka yi zuhwa."

"Rana ta."

Amma wa ya isa ya hana ɗan siyasa magana in ya ga makirufo? Wannan ya tashi ya gode wa Allah da jama'a. Wancan ya ce ba zai tsawaita ba, ya tsawaita. Wani dattijo ya ba da tarihin burtali tun daga zamanin kakansa. Ana cikin haka janareta ya mutu, aka shiga neman mai gyara.

Abdulmajid na zaune, idonsa a kan hanyar Matankari. Duk ƙurar da ta tashi sai ya ɗaga wuya ya duba.

Janareta ya tashi. Mai gabatarwa ya kira sunansa.

Filin ya ɗauka da tafi da kirari. Ya hau mumbari. Ɗan rediyo ya matso da na'urarsa. Huzaifa ya warware farin ƙyallen, ya ɗago Littafin da hannu biyu, ya tsaya dab da shi, makirufo a tsakaninsu.

Hanyar Matankari babu komai.

Ya tuna Inna. Ya kawar da tunanin.

Ya ɗora hannunsa.

"Ni, Abdulmajid ɗan Isma'ila..."

Wata babbar mota ta danna oda a kan kwalta. Wata ta amsa. 'Yan kabu-kabun da ke bakin hanya suka fara janye babura.

Ba ta hanyar Matankari suka zo ba. Saminu ya yanko ta cikin dallol, hanyar makiyaya, wadda ƙaninsa ya manta da ita tun da ya fara hawa mota.

Ga shi nan a gaba, da farar rigarsa ta Salla da malafar Baffa, riƙe da igiyar jar saniya. Sauran na biye, ƙahoni na ƙyalli, suna kukan maruƙan da aka bari a baya. Wasu hantsarsu ta cika har nono na ɗiga a kan kwalta.

Makiyayan da ke gefe su suka fara ganewa. Wankakkun shanu, man shanu a ƙaho, mai su da rigar Salla. Suka sauke sandunansu, suka yi tsit don girmamawa. Shirun ya bi filin layi-layi har ya iso mumbari.

"...na rantse da Allah," in ji Abdulmajid, muryarsa na fita ta manyan lasifikoki, "cewa dukiyar da anka yi mani kamfanye da ita..."

Saminu ya tsaya a ƙofar ma'ajiya. Munkaila ya ajiye kofin shayi, ya miƙe tsaye da ladabi.

Muryar da ta saba kiran shanu daga wannan tudu zuwa wancan ba ta buƙatar makirufo.

"Jama'a, ku shaida! Ni Saminu ɗan Isma'ila, na kawo amana gidan mai ita!"

Kawuna suka juya gaba ɗaya.

"Shanun ga, Alhaji Munkaila da sosiyetensu sunka ɗaura muna, shekarar da garkenmu yaƙ ƙare! Mun sha nononsu! Sun ruhe ma ubanmu asiri har yat tahi kabari! Da su munka aurar, da su munka yi suna!"

Ya tsaya. Ya waiwayo, ya kalli mumbari ta saman kawunan mutane. Hawaye na bin gemunsa. Abdulmajid ya girgiza masa kai, kaɗan, yadda ba wanda zai lura.

Saminu ya rufe ido.

"Da ɗiyansu munka yi ma ƙanena kamfanye har yas shiga majalisa! Ga su nan, ba rauni, ba rashi! Allah shi saka da alheri!"

 Wani ɗan majalisa a layin gaba ya jingina da kujera, ya naɗe hannu a ƙirji. Ɗan rediyo ya ƙara matso da na'urarsa.

Abdulmajid ya ji abu na motsi a ƙarƙashin tafinsa.

Huzaifa ne ke janye Alƙur'anin. A hankali, da ladabi, har hannun ya rage a iska shi kaɗai. Ya mayar da farin ƙyallen, ya rungume Littafin a ƙirji.  Ya manta makirufo na tsakaninsu, don haka tambayar da ya yi cikin raɗa ta fita ta kowace lasifika, ta shiga kowane rediyo daga Dutsi har Tibiri.

"Onorabul... sa'ad da kad ɗora hannunka, ka sani?"